Kalmar da Na Ɗauko daga Tsafe

Bungudu zuwa Kwatarkwashi

Shekarar da aka sallami sojojin da suka yi wa Turawa yaƙin Jamus, wani falke ya kawo mana labari cewa yayana Umaru yana Tsafe, da ransa amma ba lafiya. Tun kafin kiran assalatu na ɗaura wa jakinmu akumari. Inna ta miƙo mini ƙullin dawo, idonta a ƙasa, ta ce, "Ka taho min da wancan."

Umaru ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In tana son ya ci abinci, ni take aika. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Inna ba ta wasa da ita.

Na bi gefen gulbi na shiga Gusau kafin azahar. Ban tsaya ba sai shayar da jaki. Na kwana a zangon fatake, gindin dutsen Kwatarkwashi.

Tsafe

Na same shi a ƙofar wani Kofur Garba, mutumin Bilbis, wanda suka yi soja tare. Yana tsaye cikin rana ƙyam, hannuwa manne da cinya, ya rame sai idanu. Na gaishe shi, na kira shi Yaya, na faɗi sunana. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Kofur ya ja ni inuwa. Ya ce, "Hausa ba ta shiga kunnenai yanzu. Ran da anka sallame mu a Zariya shina kwance, zazzaɓi ya taɓa mai kai. Kowa ya ji kalmar sallama, shi bai ji ba. Wurinai har yau ba a tashi fareti ba."

Sai ya zaunar da ni kamar ɗan makaranta. Ya ce maganar Bature kai gare ta da wutsiya, kuma wutsiyar ake saurara. Sit-dawun, zauna. Lai-dawun, kwanta. Get-ob, tashi. Muf-on, a ci gaba da tafiya. Fol-in, shiga sahu. Ni da ko Fulatancin maƙwabtanmu ya gagare ni, ga ni ina karya harshe da yaren Nasara, Kofur yana gyara mini yana tsaki.

Daga ƙarshe ya rage murya. "Wagga fol ɗin, in ka sauya mata wutsiya ka ce fol-awut, ita ce sallama. Kada ka hwaɗe ta bisa hanya. Jiran ta ne ke riƙe da shi tsaye. Ran da ya ji ta, ƙahwa ba ta ƙara ɗaukar shi. Na iya hwaɗa mai tun tuni, amma wa zai kai shi ga uwatai?"

Tsafe zuwa Gusau

Mun kama hanya da sanyin safiya. Abin da Kofur bai gaya mini ba shi ne, kalmomin ba sa aiki sai da tsawa. Mutumin da ya goya ni, ya koya mini riƙon fartanya, shi nake daka wa tsawa a bainar jama'a. Wata tsohuwa mai fura ta dube ni ta ce, "Kai wane irin ɗa ne, kana yi wa babba haka?" Na sunkuyar da kai na biya ta kuɗin furar da muka sha.

Ga jaki yana tafiya ba kaya, ga ƙafar Umaru tana zubar da jini, amma ban san kalmar hawa ba, don sojan ƙasa ba ya hawa. Na tsayar da shi jikin jakin na ce sit-dawun, ya zauna a ƙasa. Na ce get-ob, ya miƙe. Muka yi ta haka har na zauna ni ma na yi kuka. A zangon Kwatarkwashi, ina wanke masa ƙafa, kalmar sallamar ta zo mini har bakin leɓe. Na tuna Inna, na haɗiye ta.

Gusau

Mai masaukinmu ya ce iskokin Turawa ne suka hau shi, a kira masu garaya. Na yi masa godiya na wuce kasuwa, inda aka nuna mini wani tsoho, Baba Audu, da ya taɓa yi wa Bature kuku. Ya saurare ni yana tauna goro.

"Get ɗin nan da ka riƙe ita ce," in ji shi. "Wutsiya za ka sauya. Get-on, hau. Get-of, sauka. Su haka suke, kalma guda su yi ta sauya mata gindi."

Na koma da gudu na gwada. Umaru ya ɗaga ƙafa ya hau jakin. Ban taɓa jin daɗin wata magana ta Nasara kamar wannan ba.

Da la'asar na kai shi masallaci, na ce fol-in, ina rage tsawar iya yadda zan iya. Ya shiga sahu, kafaɗa da kafaɗa da mutane. Aka yi ruku'u aka yi sujada, yana tsaye shi kaɗai har aka sallame.

Bungudu

Mun shiga gida rana ta yi sanyi. Na ce get-of, ya sauka, ya je tsakiyar gida ya ƙame. Dangi suka kewaye shi suna kiran sunansa. Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya yadda ta saba, amma muciyar da ke hannunta ba ta motsi.

Na durƙusa na gaya mata duk abin da Kofur ya ce, har da abin da zai biyo baya. Na tashi in faɗi kalmar, bakina ya ƙi. Na ɗauko ta tun daga Tsafe, ga shi na kasa sauke ta.

Inna ta ce, "Mi ce kalmar?"

Na raɗa mata. Ta zaga bayan rumbu, muna jin tana maimaitawa tana tuntuɓe. Sannan ta fito, ta tsaya gabansa, ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido. Ba ta yi tsawa ba.

"Umaru," in ji ta. "Fol-awut."

Gwaggonmu ta rufe baki da hannu. Gwiwoyin Umaru suka lanƙwashe a hankali, Inna ta tare shi, suka kai ƙasa tare. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Inna, ruwa."

Kofur bai yi ƙarya ba, Umaru bai ƙara tsayuwa ba. Ya rasu kafin a yanke gero, da Hausa a bakinsa da kalmar shahada, kansa a cinyarta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu. Allah ya saka wa Kofur Garba da Baba Audu, ya yafe mini tsawar da na yi wa yayana. Inna ta yi shekaru bayansa, kuma kullum in ta idar da salla mukan ji ta tana yi masa addu'a, da sunansa.