Uwar Kirare, Mai Bar Wa Daji Kasonsa

Kafin masu yankan katako su gama shan shayi, Uwar Kirare ta riga ta shiga daji. Shekara ashirin da shida tana bin bayansu, tana tsince abin da suka zubar: rassa, ɓawo, guntaye, garin katako. Da shi gidajen burodi huɗu ke hura wuta, ba a sare musu ɗanyen itace ko ɗaya ba.

Sai dai tana da wani hali mai ƙona ran direbanta. Duk gungumen da ta tarar sai ta juya shi da ƙafa. In ta ga tsutsa ko gara a ƙarƙashi, ta mayar da shi yadda yake.

"Haba Inna! Yau ma rabin mota za mu koma da shi?"

"Wannan da masu shi," take cewa. "In muka share daji kamar tsakar gida, ƙasa ta ci me?"

Dariya ake mata, har shekarar da wasu suka zo da injin niƙa suka lashe gangaren gabas ƙarƙaf. Ruwan farko ya kwashe ƙasar, saiwoyi suka fito tsirara. Ɓangarenta kuwa, ko gezau.

Bana gwiwa ta gaza, hayaƙi ya bar mata tari, 'ya'yanta suka ce ta huta. Hutu? Ina! Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa ƙofa, ta dawo. Aikin ya koma hannun direban nan, tsoronta kada ya kwashe mata daji tas.

Inna, ke ce mai ɗiba da tunanin gobe. Kin ciyar da wuta ba ki hana ƙasa cinta ba. Mun gode, Allah Ya saka. Mu kuma masu ganin komai na ƙasa shara ne, mu koyi juya gungume kafin mu ɗauka.

Ran Talata haƙurinta ya ƙare. Ta dogara sanda har bakin titi, ta tsaya jiran motar. Can sai ga ta, kayanta rabi.

Direba ya sauko yana sosa ƙeya. "Inna, na juya su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi duk da masu su."

Ta dubi rabin kayan. Sannan ta ce a miƙo mata kujera, yanzu kam za ta huta.