Ɗigon Dalma Tsakanin Ƙafa Biyu

A layin masu gyaran waya, wani dattijo yana duƙe a kan na'urar wasan bidiyo da ya buɗe cikinta. Wata budurwa ce ta kawo a liƙa mata ɗan guntun lantarki da zai sa na'urar ta karɓi kowane wasa. Ya liƙa, ya kunna, allon ya tsaya baƙi ƙirin.

Da gilashin ƙara girma yake bin ƙafafun guntun, sirara kamar gashin gira. Ga matsalar nan: ɗigon dalma ya haɗe ƙafa biyu. Karo na uku ke nan da ya yi wannan kuskure a makon nan.

"Baba, ta ƙone ne?"

"Haba 'yata, dalmar yanzu ce ba ta da kirki," in ji shi, har da 'yar dariya.

Amma gumi na tsattsafo masa a goshi. Wataƙila shekara talatin wannan hannun yake ciyar da gida. Ya ɗaga ƙarfen liƙi, tsininsa na rawa a iska. Sai ya sa hagu ya tallafi dama, yana satar kallonta ko ta gani.

Ta gani. Ta sunkuyar da kai, kamar wayarta take dubawa.