Mai Zare da ƙullin da na yi wa haske

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka yi ciniki da Mai Zare, ma'aikacin kamfanin sadarwa, a ƙofar shagona. Ya ce in ba shi bangon ɗakin ajiyata ya kafa wani farin akwati, da sharaɗin kada in taɓa komai. Na ce ni ma da nawa: kafin ya bar aiki sai ya fahimtar da ni abin da akwatin ke yi. Muka tafa. Ni da na tsufa ina sayar da igiya, na ɗauka ba zaren da zai gagare ni.

Da hantsi yake zuwa da jakarsa, ya durƙusa, ya goge bakin wani zaren gilashi mai kaurin gashin kai, kamar mai share idon jariri. Ya ce saƙon asibitin layinmu, da na makaranta, da na shagunanmu, kowanne da launin haskensa. Akwatin ke haɗa su a zare ɗaya, can gaba wani akwatin ya rarrabe.

Na ce, "Nuna mini launin."

"Baba, ido ba ya ganinsa. Kada ma ka leƙa, sai ya ɓata maka ido."

"Ikon Allah! Ba a ganinsa, amma yana makantarwa? To ja da shuɗi in sun haɗu ba sa rina juna?"

"Ko kaɗan."

"Kai dai ba ka taɓa wanki ba."

Wata Laraba na shiga ɗauko kaya, na ga zaren yana lilo a sake. Mai igiya ba ya ganin igiya a sake ya wuce. Na naɗe shi tam, na yi masa ƙulli na gwanaye. Wayata ba ta daina aiki ba, na ce to, gyara na yi.

Ashe na asibiti ya ɗauke. Hotunan marasa lafiya da ake tura wa babban likita suka tsaya cak. Manyan Mai Zare suka ce sakacinsa ne, in yamma ta yi bai gyara ba, a bakin aikinsa. Masu shaguna shaida ne, falwaya bayan falwaya ya bi cikin rana, ko ruwa bai tsaya sha ba, har ya dawo ɗakina. Ya dubi ƙullin, ya dube ni. Duk layin nan mutum ɗaya ke irin wannan ɗauri.

Ya warware a hankali, ya ce, "Baba, haske ba ya son lanƙwasa. Launin asibiti ya fi naka saurin zubewa a kwana."

Na duba ƙasa. A bushe take.

A takardarsa ya rubuta cewa zare ya lanƙwashe, bai sa sunan kowa ba. Aiki ya tsira, amma ƙarin girman shekarar ya wuce shi. Sai yau mutanen layi ke jin wannan, daga bakina.

Mai Zare, kai ne mai haɗa abin da ba a gani, ka raba shi ba rigima. Kai ne ka ga ƙullin tsoho ka rufa masa asiri. Allah Ya saka maka da alheri. Masu tasowa, ku koyi hannunsa, ku koyi bakinsa.

Jiya ya ajiye aiki, ya zo cika alkawari. Awa guda yana mini zane a bayan kwali, ina gyaɗa kai.

"Ka gane, Baba?"

"Sarai."

Ban gane komai ba, shi ma ya sani.

Ga yadda cinikin ya tashi: asibiti ya ci riba, makaranta ta ci, ni da na karya sharaɗi na fi kowa ci. Wanda ya yi asara shi ne mutum ɗayan da ya cika nasa.