Mutawakil, Mai Zama Kafin Ya Taɓa

Duk wanda ya san Salaga ya san Mutawakil. Da safe yana shan kokonsa a bakin kasuwar doya, ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya bi gidajen da waifai ke wahalar da su. Da rediyo ya fara, ya koma dish na talabijin, yanzu wannan akwatin waifai na intanet mai ƙyafta ido. Bana ya ce gwiwa ta ƙi tsani, zai koma Yendi wajen 'ya'yansa. Shi ya sa na ce a rubuta mini wannan.

Ba shi da sauri, kar in yi masa ƙarya. Ku tambayi masu kifi na Makango, sun ce sai da ya ci abincinsu sau biyu kafin ya buɗe jaka. Amma bai koma wajensu ba, don gyaran ya riƙe, ba su sake nemansa ba.

Yayata Hawawu tana Bawku, ciwo ya kwantar da ita, hanya kuma kun san yadda take. Ɗana ya sa mana waifai don mu riƙa ganin juna a waya. Sai mu fara magana, fuskarta ta daskare, baki buɗe. Wata rana ya yi, wata rana ya ƙi. Wani ya zo ya canza waya, wani ya ce mu sayi sabon akwati. Ita kuwa tana ta cewa akwai maganar da za ta faɗa mini, numfashinta yana raguwa.

Mutawakil ya zo, ya gaishe ni, ya nemi tabarma. Na ce masa, "Ɗan nan, gyara ka zo ko zaman makoki?" Ya ce, "Hajiya, ku yi harkarku."

Aka kira Bawku. Maƙwabta suka ji muryar Hawawu, suka shigo yi mata sannu. Surukata Fulera ta tashi ta rufe kabad ɗinta na ƙarfe, kamar kullum in an yi baƙi, kar a ƙirga mata tukwane. Nan take Hawawu ta daskare. Akwatin waifai yana cikin kabad ɗin, tsakanin kwanonin aurenta, don a gidanmu abu mai tsada can yake kwana.

Kai ne ka gani, Mutawakil, ba ka kalli Fulera ba. Ka jira baƙi suka tafi, ka ce akwatin ne mai son iska, ka kafa shi saman ƙofa. Har yau ɗana bai san komai ba, kuma ba ya karanta irin wannan.

Ranar muka yi magana har shayina ya huce. Hawawu ta ƙare mini kallo ta ce na tsufa. Sannan ta faɗi maganarta, wadda ba taku ba ce, muka yafe wa juna. Ba ta kai Juma'a ba.

Na gode, mai haƙurin zama. Allah ya ba gwiwarka lafiya. Ku kuma masu gyara da kuka rage mana, in kun shiga gidan mutane ku zauna tukuna, ku ga wa ke rufe me. Tabarma dai muna da ita.