Huda Tara a Fatar Farar Barewa

Babanmu majemi ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a majemar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kuma aikinsa na ƙarshe a can shi ne tantance fata. A shimfiɗa masa ita a kan tebur, ya bi ta da tafin hannu, ya ɗaga ta ga hasken taga, ya ce wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan a jefa shara. Huda ko kamar ta tsinken ashana ba ta wuce shi. Da hannunsa na dama ya fara rawa, sai suka sallame shi da agogon bango da takardar yabo. A ranar ya naɗe wuƙarsa ta kankare fata a tsumma, ya sa a durowar ƙasa ta ɗakinsa, ya rufe. Shekara uku bai sake buɗe ta ba.

Ni ce autarsa, ni nake zaune da shi, ni na ga yadda ya koma. Daga gado sai kujera, daga kujera sai gado. Likita ta ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsu. Sai babban wanmu, wanda muke kira Manaja tun yana yaro saboda son ba da umarni, ya kawo na'urar wasan bidiyo da ya gaji da ita, ya haɗa da talabijin, ya tafi abinsa.

Wasan na kaboyi ne, irin na masu malafa da dawakai. Ƙasa ce shimfiɗe, duwatsu da koguna da daji, ka nufi inda ka ga dama. Mutane suna shiga don fashin jirgi da harbe-harbe. Baba kuwa ko sau ɗaya bai ɗaga wa mutum bindiga ba. Ranar da ya gano cewa idan ka harbi dabba wasan yana duba fatarta ya ba ta daraja, ta ɗaya ko ta biyu ko ta banza, sai na ga ya gyara zama.

"Auta," in ji shi, "wanda ya ƙera abin nan ya san aiki."

Daga nan ya ajiye bindiga ya ɗauki kwari da baka, don harsashi yana ɓata fata. Kibiya ɗaya, a wuya. Da farko abin tausayi ne, hannu na rawa, kibiya na tafiya sama, barewa na tserewa. Sai ya koyi danne wuyan hannunsa a kan gwiwa, ya riƙe numfashi, ya saki a daidai lokacin da rawar ta lafa. Yakan bi sawun dabba ɗaya tun daga karin kumallo har na dawo daga shagon ɗinki. Ya fara cin abinci sosai. Ya fara tsokanata, wai ɗinkina in fata ce ta biyu zai ba shi.

Akwai wata farar barewa a can saman duwatsun ƙanƙara, ɗaya tal a duk wasan, in ta mutu ta mutu ke nan. Sau uku yana ganinta yana sauke baka. Ya ce hannunsa bai kai ba tukuna, ba zai ɓata ta ba. Wata goma sha ɗaya yana shiri!

Wata Asabar da hantsi ya ce yau ce. Ya wanke hannu, ya sa tabarau, na zauna a gefensa. Ya bar dokin nesa, ya rarrafa ta inda iska ba za ta kai mata warinsa ba. Ga ta nan tana shan ruwa. Ya ja baka.

Sai ga Manaja, ko sallamar kirki babu, da makullin mota a hannu. Ya tsaya a bayan kujera yana kallo. Baba ya ja, hannun ya yi rawa, ya sassauta. Ya sake ja, ya sake sassautawa, yana jiran lokacinsa kamar kullum.

"Haba Baba, wannan ai wahala ce. Kawo in taimaka maka."

Kafin in buɗe baki ya zare rimot ɗin daga hannun tsoho, kamar mai karɓe wuƙa a hannun jariri. Ya danna nan ya danna can, ya zaro wata ƙatuwar bindiga mai baki biyu, mai watsa ƙananan harsasai. Dam! Dam! Barewa ta kife a bakin ruwa.

"Ka gani? Minti ɗaya!" Har da dariyarsa.

Na ce, "Yaya, wa ya aike ka? Wa ya ce maka ya kasa? Wata goma sha ɗaya yana lallaɓa abin nan, ka zo da ƙafarka ka ragargaza!" Ya ce wai mene ne abin zafi a wasan yara, kuma ai na'urarsa ce. Na ce ya koma baya ya gyara. Ya duba, ya sosa ƙeya. Wasan ya riga ya adana abin da aka yi, babu komawa.

Baba ya miƙa hannu, aka ba shi rimot. Ya taka har wurin barewar, ya feɗe ta, don shi bai taɓa barin fata a ƙasa ba. Ya matso da fuskarsa kusa da talabijin yana ƙirga hudar da ke jikin fatar da yatsa.

"Tara," in ji shi a hankali. "Wannan a jefa shara."

Manaja yana ta cewa zai kawo masa wani wasan da ya fi wannan, mai motoci. Har yau yana faɗa wa dangi cewa ni ce na cika fitina, shi taimako ya yi. Taimako! Na roƙi Baba mu fara wasan daga farko, barewar za ta dawo. Ya kalli hannunsa da ke karkarwa a kan gwiwa, ya ce, "Wata goma sha ɗaya kuma, Auta? Da wannan?"

Ya tashi ya shiga ɗaki da rimot ɗin. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ƙarar durowar ƙasa, wadda ta shekara uku ba a taɓa ba. Ya ajiye shi kusa da wuƙar, ya rufe.