Ledar Jefet a Teburin Kawu

A layin masu gyara, Sai-Na-Gwada ake kiran kawuna. Shekara talatin yana gyaran amfilifaya da makirfo a wani ɗan shago mai warin dalma, kuma ko ɗan fis na lantarki sabo fil aka miƙo masa sai ya ɗora shi a mitar gwaji. Matarsa takan ce Allah ne ya taimake ta ba ta da waya a jiki, da ita ma an gwada ta kafin aure.

Wata safiya ina shagon, mijin ƙanwarsa mai sayar da kayan gyara ya shigo da leda cike da ƙananan tiransistoci, irin waɗanda ake kira jefet.

"Yaya, ga kaya masu kyau, kuma da araha."

Kalmar araha ce ta sa Kawu ya gyara zaman tabarau. Ya zaro guda, ya ware ƙafafunta uku.

"Jefet kamar tiyo take," in ji shi. "Wuta na bi ta tsakanin ƙafa biyu ko ba a taɓa ta ba. Ta ukun ƙofa ce, ita ke matse hanyar. In ta gaskiya ce, allura za ta motsa tsakanin biyun nan, ko na juya wayoyin."

Ya ɗora wayoyin mita. Allura ko gezau. Ya juya, haka. Ya gwada ƙafafun bibbiyu har ya zagaye su, ya ɗauki ta biyu, ta biyar, ta goma. Sannan ya jiƙa auduga da fetur ya goga a fuskar guda. Lambar ta narke, ga sawun kankarewa a ƙasa: tiransista ce gama-gari aka sake wa suna.

Surukin ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika. "Wallahi Yaya, haka aka kawo min. Na riga na sayar wa mutum shida."

Kawu ya miƙe. Ya rufe shago, ya tasa shi gaba, suka bi shaguna shidan suna karɓo kayan.

Da ya dawo na ce, "Kawu, ka ga shi ma cutarsa aka yi."

"Wataƙila. Amma kin lura bai tambaye ni abin da mita ta nuna ba?"

Har yau suna gaisawa faran-faran, suna cin abinci kwano ɗaya. Kayan gyara kuwa, Kawu sai ya hau mota zuwa wata kasuwa yake sayowa.