Hanyar da Ta Ci Ɗorawar Mama Saratu

Da ƙarar buga takalmi a dokin ƙofa abin ya fara, kuma har yau ranar ba ta fita daga raina ba. Asabar ce da hantsi, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga zaure. Ƙanwata Hajara ce, wadda ke aure a tsallaken rafi, cikin jihar da muke maƙwabtaka da ita, take kakkaɓe takalminta kafin ta shigo. Jar ƙasa mai danshi ce ta manne masa.

Na ce, "Ke kuma ina kika samo taɓo, ruwan sama bai sauka ba?"

"Aikin irinku ne mana, Yaya. Masu hanya na wajenmu sun kai tasu har Mashigin Dutse, kullum tanka na jiƙa ta. Saura ku, sarakan nawa."

Na ajiye faifan. "Mashigin Dutse ko na Yashi?"

"Na Dutse. Ni da na biyo ta kai yanzun nan a babur?"

Ku da aka ɗauka wannan aiki bayana, kuka ce in rubuto muku wani abu daga abin da na gani, bari in fara gaya muku matsayina. Ni matar gida ce, iyakacin karatuna sakandare. Hukumar da ke gina hanyoyin karkara ta ɗauke ni na shekara biyu a ofishinta na Birnin Gwari, don matan ƙauye ba sa sakin jiki da injiniyoyi maza. Aikina in shiga gidaje, in bayyana inda hanya za ta bi, in nemi yardar masu gona, in rubuto abin da suka ce. Sama da ni akwai Injiniya Ɗanlami, mai kula da aikin. Sama da shi akwai Darakta a Kaduna, wanda sau ɗaya na taɓa ganinsa.

Hanyar da muke yi za ta tashi daga titin kwalta ta gangara har rafin da ya raba jihohin biyu. Hukumar can ma tana gina tata daga nasu ɓangaren. In sun haɗu a bakin ruwa, wata hukuma ta uku daga Abuja za ta ɗora gada. Amfanin abin a fili yake: mutanenmu su kai kaya kasuwar tsallake ba tare da sun zagaya ta cikin daji ba, dajin da kowa ya san abin da ke cikinsa.

Abin da babu wanda ya rubuta a fayil shi ne, rafin nan mashigi biyu gare shi. Da rani ana tsallakawa ta Mashigin Yashi, inda ya yi faɗi ruwa ya ƙafe. Da damina wurin yakan zama kogi, sai a hau sama, tafiyar kusan rabin awa a ƙafa, a bi ta Mashigin Dutse inda ya tsuke. Safiyonmu, wato mai awon ƙasa, da rani ya zo. Ya tambayi mutane ina suke tsallakawa, suka nuna masa Yashi. Nasu da damina ya zo, aka nuna masa Dutse. Ba wanda ya yi ƙarya. Kuma tunda ma'aikatanmu ba sa shiga ƙauyen sai da rakiyar jami'an tsaro, su fito kafin la'asar, ba wanda ya taɓa zarcewa sama ya ga abin da ake yi can.

Ni kuwa ba hanya ce ta fara faɗo mini a rai ba, Mama Saratu ce. Dattijuwa ce 'yar Gbagyi, mijinta ya rasu, ɗanta ma ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Gonarta ce ta ƙarshe kafin Mashigin Yashi, da itatuwan ɗorawa bakwai a tsakiyarta, waɗanda da kalwarsu take yin daddawar da take riƙe gidan. Fegin safiyo ya ratsa ta tsakiyarsu. Sau huɗu na je wurinta tana ƙi. A zuwa na biyar na ce mata, "Mama, in gada ta tsaya, a ƙofar gonarki mota za ta riƙa tsayawa. Yaran nan ba za su san zagayen daji ba." Ta dube ni ta ce, "'Yata, ba takardarku na yarda da ita ba, ke na yarda da ke. Na ga kina salla a kan lokaci." Ta dangwala yatsa.

In hanya ta koma Mashigin Dutse, ko ganyen ɗorawarta ba za a taɓa ba. Katafila kuma saura kwana goma sha ɗaya ta iso.

Ranar Litinin da sassafe na sami Injiniya Ɗanlami a ofis na faɗa masa.

"Malama Rabi, kin tabbata?"

"Yallaɓai, ƙanwata ta taka ta da ƙafarta."

"Ƙanwar taki safiyo ce?"

Akawunmu ya yi dariya. Amma Injiniya bai yi ba. Ya warware taswira a kan tebur, ya danne gefenta da kofin shayi. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: taswirarmu a bakin ruwa ta ƙare. Tsallake fari fat, kamar Allah bai halicci kowa a can ba.

Na miƙa masa 'yar takarda. Lambar wayar injiniyan can ce, mijin Hajara ya samo mini don yana leburanci a wurinsu. Ya duba, ya turo mini abata.

"In na kira shi, a matsayin wa? Maganar waya ba ta shiga fayil. Ko ya ce mini haka ne, ba ni da ikon matsar da fegi ɗaya."

Ya bayyana mini ƙa'idar, ni ma bari in bayyana muku. Shi zai rubuta wa Darakta. Darakta ya rubuta wa ma'aikatar da ke samansa. Ma'aikata ta rubuta wa takwararta a babban birnin jihar can. Su kuma su gangaro da takardar har hannun injiniyansu, ya ba da amsa, amsar ta biyo sawun da takardar ta bi. Mutum biyun nan, da ɗaya zai tsaya a bakin rafi ya ɗaga murya, ɗayan zai amsa.

Ba zan zalunce shi ba, a ranar ya rubuta, ya sa aka kai Kaduna hannu da hannu. Ya kuma kira ɗan kwangila a gabana ya roƙe shi ya jinkirta. Ɗan kwangila ya ce mako mai zuwa kaɗai aka ba shi jami'an rakiya, in ya wuce sai bayan damina, kuma shi takardar da ke hannunsa Yashi ta ce. Ko a ba shi wata takardar, ko ya yi aikinsa.

Da zan fita Injiniya ya kira ni. "Malama Rabi, kada maganar nan ta isa ƙauye. In suka ji za su tare katafila, kuma da bindigogi za a je. Kin fahimce ni?"

Na fahimce shi. Wannan ce ta fi ci mini rai, don ba ƙarya ya faɗa ba.

Ranar Alhamis aka tura ni in sanar da masu gona ranar da za a fara. Na tarar da Mama Saratu a gindin ɗorawa, ta ɗaga kai tana duban 'ya'yan da suka yi reto, kore shar, ba su kai ga bushewa ba.

Ta ce, "'Yata, ki roƙar mini su ba ni sati biyu in kaɗe na bana. Ko na bana kaɗai."

"Zan faɗa, Mama."

"Me ya same ki? Idonki ya faɗa. Ko maigidan ne?"

"A'a, zafi ne kawai."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini daddawa ƙulli uku a ganye, ta ce in sa wa yara a miya. Na karɓa. Allah Ya gani, maganar ta zo mini har maƙogwaro, na dubi jikokinta suna wasa a gindin itace, na tuna bindigogi, na haɗiye. Sati biyun ma na roƙa, ba a bayar ba.

Ranar Laraba katafila ta shiga. Kafin azahar ta gama da bakwai ɗin. Mama Saratu ba ta yi kuka ba. Tana zaune a kan dutse har aka gama, sannan ta tashi ta fara tsintar 'ya'yan ɗorawar da ba su nuna ba, tana duba ko da mai amfani a ciki. Direban katafila ma da ya gan ta, kashe injin ya yi ya kau da kai.

Amsar takardarmu ta iso bayan shuka ta kai gwiwa. Layi uku ce: an ga bayaninmu, za a gabatar da shi a zaman kwamitin haɗin gwiwa. Kwamitin nan tun farkon aiki aka kafa shi, bai taɓa zama ba, don an kasa daidaitawa kan jihar da za ta karɓi baƙi, kuma ba mai son biyo hanyar Birnin Gwari. Daga ƙarshe a wani otal a Kaduna aka yi, aka tafi da ni don a ce an ji ta bakin mata.

A nan injiniyoyin biyu suka fara haɗuwa. Suka gaisa, ashe ma makaranta ɗaya suka yi. Suka jera taswirorinsu gefe da gefe, kafin shayin da aka zuba musu ya huce sun ga komai. Wakilin masu gada ya ce a Yashi rafi ya yi faɗi da yawa, Dutse ne wurin gada. Daraktanmu ya ce jiharsa ta gama nata, ba za ta sake wani aiki ba. Na can ya ce su ma haka. Wakilin masu gada ya rufe fayil ya ce, "In kun daidaita ku rubuto mana." Aka yi addu'a, aka ɗauki hoto. Ba a tambaye ni komai ba. Da wa'adina ya cika ban nemi ƙari ba, na koma ɗakina.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. A duk mutanen nan ban ga mugu ko ɗaya ba. Kowa ya yi aikinsa daidai har bakin iyakarsa, ya tsaya. Mutanen ƙauye kuwa ba su da wannan iyakar: can suke aure, can suke cin kasuwa, can suke zuwa jana'iza. Saboda haka kafin ku nemi yatsan kowa a takarda, ku tambayi matan wurin ina suke bi da rani, ina suke bi da damina. Ku tsallaka da ƙafarku ku ga abin da na can suke yi, ko ba a aike ku ba. Kuma kada ku jinginar da mutuncinku a kan alkawarin da ba ku ne za ku cika shi ba. Hukuma tana canza ma'aikata, amma fuskarku ce za a riƙa tunawa. Ni har yau in na idar da salla ina neman gafarar shirun da na yi ranar Alhamis ɗin nan, ban kuma san ko da na yi magana abin zai fi haka muni ba.

Bara da bazara na shiga ƙauyen gaisuwar rasuwa, na ce bari in ƙarasa in gai da Mama Saratu. Hanyar tana nan, ta miƙe ɗoɗar ta tsakiyar gonar, ta tsaya a bakin yashi. Ƙasar ta daskare kamar siminti, fartanya ba ta kama ta. Ban sami Mama ba, ta tafi kaɗe ɗorawar wasu a ba ta kaso. Jikarta Rifkatu na tarar, 'yar shekara bakwai ko takwas, tana shanya barkono a kan hanyar. Ta gane ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa a kofi, ta tsaya har na sha. Sannan ta ce:

"Anti, in ba kwa son hanyar nan, ku zo ku ɗauke abarku mana. Kaka tana so ta yi shuka."